Ciwon idon walda sai dare yake zuwa

Ka ɗora sandar walda a kan ƙarfe, wuta ta kama, ka ɗan leƙa ba gilashi don ka ga layin da za ka bi. Ƙiftawar ido ce kawai, ba ka ji komai ba. Sai can tsakar dare, bayan awa 6 zuwa 12, ka farka idanu sun yi jawur, hawaye na zuba, kamar an watsa maka yashi.

Ƙuna ce wannan. A cikin hasken walda akwai wani haske da ido ba ya gani, irin wanda rana ke fitarwa, shi ne ke ƙone saman ƙwayar ido. Yawanci yakan warke cikin kwana 1 zuwa 2, amma mai maimaitawa shekara da shekaru yana jawo wa kansa yanar ido. Tabarau na rana bai isa ya kare ka daga wannan haske ba. Garkuwar fuska ake sawa, mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 13 idan waldar lantarki ce. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe kuwa, don Allah a ba shi tasa. Shi ma yana shan wannan haske, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Hayaƙin ma a hankali yake cin mutum. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa hayaƙin walda yana kawo kansar huhu. Kau da kanka daga inda yake tashi, ka buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa.

Rigar nailan narkewa take yi ta manne wa fata, sa auduga mai kauri da safar hannu ta fata. Kada ka canza sanda da jiƙaƙƙen hannu.

Tartsatsi yana iya kaiwa mita 10, ya faɗa cikin tsumma ko kwali ya yi ta ci a ɓoye. In ka gama, tsaya aƙalla minti 30 kana dubawa.

Sai duro ko tankin mai da aka ce ai babu komai a ciki. Tururin man yana nan, kuma shi ke fashewa. Kada wuta ta taɓa shi sai an wanke shi tas, an bar bakinsa a buɗe, an cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin.