Amsoshin tambayoyinku: wane bel ne ya dace da motar tsere?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonnin da suka taru a gabana kusan duk kan abu guda ne, wato bel ɗin nan na motar tsere mai igiyoyi da yawa, wanda matasa suke gani a bidiyo suna sha'awa, to bari mu shiga kai tsaye don lokaci ba ya jira.

Saƙo na farko daga wani matashi ne a unguwar Birni. Ya ce yana da tsohuwar mota ƴar Kotonu da ya cire mata kujerun baya, shi da abokansa suna fita fili bayan gari suna gwada gudu, kuma da ya je Kano ya ga wani jan bel mai igiya huɗu ana sayarwa da araha, shin ya saya ya sa?

To ƙanena, a gaskiya ni ban ba ka shawarar ka saya ba, kuma ka tsaya ka ji dalili kar ka ce tsoho ya hana ka jin daɗi. Bel ɗin da motarka ta zo da shi daga kamfani, mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniya ne na kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a 1959, kuma an yi shi ne ya yi aiki da kujerar gida da rufin gida. Shi kuma na tsere ba shi kaɗai yake aiki ba, yana tafe ne da kujerar tsere mai ramuka da igiyoyin za su bi, da kejin ƙarfe da ake haɗawa cikin mota, da hular kwano, da abin riƙe wuya. Ka ga in mota ta wuntsila rufi ya lotsa, mai bel ɗin kamfani jikinsa yana iya karkata gefe, amma wanda aka ɗaure da bel ɗin tsere yana nan zaune ƙyam a miƙe ba inda za shi, in babu keji to kansa da wuyansa ne za su tari rufin. Kuma a irin filin da kuke wasa, yashi ne da ramuka, taya ta nutse gefe guda kana cikin kwana ai wuntsilawa ba wuya.

Sannan shi mai igiya huɗu yana da nashi aibin daban. Igiya biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, babu wadda ta bi tsakanin cinyoyi. In aka yi karo jikinka ya tafi gaba, igiyoyin kafaɗa sai su ja na ƙugu sama, ya tashi daga kan ƙashin kwatangwalo inda yake da ƙarfi ya koma kan tumbi inda ba ƙashi sai hanji da hanta, kai kuma ka zame ta ƙarƙashi. Wannan ba zancen baka ba ne. Jochen Rindt, direban babbar gasar tseren motoci ta Formula 1, ya rasu a filin Monza na Italiya a watan Satumba 1970, kuma ba ya ɗaura igiyar tsakanin cinyoyi saboda yana son ya iya fita da sauri in wuta ta tashi, da motar ta daki shinge sai ya zame ƙasa bel ɗin ya ji masa mummunan rauni a wuya. Shi ne aka ba kambun duniya na shekarar bayan ba ya raye. Akwai kamfanin Schroth na Jamus da ke yin mai igiya huɗu da wata dabara a kafaɗa guda don rage wannan zamewar, amma wanda aka rataye a shago ba suna ba lamba, wallahi ba shi ba ne. Ka bar bel ɗin kamfani, ka riƙa ɗaura shi, kuɗin ka fara tarawa na keji. Kuma don Allah ku nisanci inda yara da dabbobi suke.

Saƙo na biyu ya zo ta WhatsApp daga wani ɗan Damagaram da ke zaune a Faransa, ya ce yana sauraronmu ta intanet. Shi ya riga ya sa keji da kujera, yana kai motarsa filin tsere na kwalta ranakun da ake buɗe wa jama'a, tambayarsa ita ce mai igiya biyar ko mai shida, kuma mai faɗi ko siriri.

Madalla ɗan'uwa, Allah ya tsare, kai ka bi abin daki-daki. Ni dai mai shida zan ce. Mai biyar igiya guda ce take fitowa ta tsakiya, aikinta ta riƙe makullin kar ya hau ciki, mai shida kuwa biyu ne suna zagaya cinyoyi suna riƙe kwatangwalo da kyau, kuma ga namiji ya fi sauƙi in an yi karo, kun gane abin da nake nufi ba sai na fassara a rediyo ba. Batun faɗi kuma, da can inci 3 aka sani wato milimita 75, yanzu akwai na inci 2, milimita 50, wanda yake zama daidai a kan abin riƙe wuyan nan da ake kira HANS. Kuma shi wannan HANS kar ka ɗauke shi kayan ado. Da zarar an ɗaure gangar jiki ta kasa motsi, kai ne kawai ya rage yana lilo, ga nauyin hular kwano a kansa, in mota ta tsaya cak kan zai fizga gaba da ƙarfin da zai iya karya gindin ƙoƙon kai. Irin raunin da ya kashe direban tsere Dale Earnhardt ke nan a gasar Daytona 500 ta Amurka a watan Fabrairu 2001, bayan nan ne gasarsu ta tilasta sa abin riƙe wuya, Formula 1 ma ta tilasta shi a 2003. Saboda haka in kuɗinka na bel ne kaɗai babu na HANS, ka dakata har su cika. In za ka saya ka duba lambar FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, da aka ɗinka jikin igiya, ta yanzu ita ce 8853-2016, tsohuwar kuma 8853/98, sannan ka tambayi masu filin me suke karɓa tun kafin ka biya. Kamfanoni irin su Sabelt da OMP da Sparco na Italiya, da Willans na Ingila, da shi Schroth ɗin, duk sanannu ne a wannan harka.

Sai kuma wani makanike daga Garin Malam, wannan tambayar tashi ta yi mini daɗi ƙwarai don ita ce inda aka fi yin ɓarna. Ya ce wani ya kawo masa bel ya ce a huda ƙasan mota bayan kujera a ɗaure igiyoyin kafaɗa a nan, shi kuma hankalinsa bai kwanta ba.

Maigida hankalinka ya gaya maka gaskiya, kar ka yi. Igiyar kafaɗa in ta fito bayan direba so ake ta tafi a miƙe, ko ta ɗan sunkuya ƙasa kaɗan, daga 0 zuwa digiri 20 in ana amfani da HANS, ta kama ƙarfen keji da aka gitta daidai bayan kafaɗu, kuma gajeruwa gwargwadon hali. In ka gangara da ita ƙasa bayan kujera, lokacin karo maimakon ta riƙe mutum baya sai ta danne kafaɗunsa ƙasa ta matse ƙashin baya, mutum ya fito da rai amma ƙafafu ba sa motsi, Allah ya kiyaye. Na ƙugu da na cinyoyi su ne ake ɗaurewa a ƙasa, kuma ba a bar noti a kan falange kawai, don falangen mota siriri ne yagewa zai yi notin ya fito da shi. Ana sa farantin ƙarfe ta ƙarƙashi, ƙa'idar FIA ta ce kaurinsa kar ya gaza milimita 3, faɗinsa kuma santimita murabba'i 40, sannan noti mai zobe na asali ba wanda aka tsinto cikin kwanon garaji ba. Wani abin da mutane ke mantawa, in ka naɗa igiya a jikin ƙarfe ka zura ta cikin ɗan ƙarfen nan mai ramuka biyu, dole ka sake maido bakinta baya karo na ƙarshe ta kulle kanta, ka bar jela kamar santimita 10, in ba haka ba da hannu ma in ka ja za ka ga tana sulɓewa a hankali. In kun gama ka zaunar da mai motar, ya fara ɗaure na ƙugu ƙasa sosai kan ƙashi, sannan na kafaɗu, ka tsaya ka duba ko igiya tana gugar bakin ƙarfe ko ta murɗe, kuma ka sa ya rufe ido ya buɗe makullin da hannu guda.

Wani ɗan kasuwa daga Magarya ya ce an kawo masa na hannu daga Turai, sun yi kyau kamar sababbi, amma shekarar da aka rubuta a jiki ta wuce.

Alhaji shi ya sa suka yi araha ai. Na FIA shekara 5 ake ba shi, na hukumar SFI ta Amurka mai lamba 16.1 shekara 2 kacal, bayan nan ba a karɓarsa a gasa. Kuma wanda ya taɓa yin haɗari ko da sau ɗaya ne ya gama aiki, zaren ya riga ya miƙe, kai kuma ba ka san tarihinsa ba. Rana ma tana cin zaren, balle irin tamu ta bazara da ke haura digiri 40, kamar igiyar guga ce da ta shekara a bakin rijiya, ido zai ga lafiya lau sai ran da aka cika guga. Ka lura da kalar da ta koɗe, da zare da ya yi gashi-gashi, da igiyar da ta yi tauri. Jabu ma sun yi yawa, shi na gaske akwai ɗan tambari mai ƙyalli na FIA a jikinsa, kuma hukumar tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta, a duba lambar a can. Wanda kuma yake da mai kyau a nan garin, ƙurar hunturu tana shiga makullin nan mai juyawa ta hana shi kamawa sosai, a riƙa hure shi da iska ana gwada kowane harshen ƙarfe na bakin igiya a ji ya ce ƙas, kar a zuba masa baƙin mai don yashi zai tara. Shi ya sa da yawa daga masu tseren daji suka fi son makulli mai ƙugiya, ba ruwansa da ƙura. Wanki kuma ruwa da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, ban da fetur.

Na ƙarshe daga wata Hajiya ce a Mirya, ta ce ɗanta ya nace sai ya sa irin wannan bel a motar gida da ake kai yara lakol da ita ana zuwa kasuwar Dole. Hajiya ki hana shi, ki ce ni na faɗa. Wanda aka ɗaure da shi ba ya iya leƙawa a mararraba ya ga mai babur, daga nan sai ya fara sassauta igiyoyin, sassautaccen bel ɗin tsere kuwa gara na kamfani sau goma. Jakar iskar nan da ke cikin sitiyari ma da bel ɗin kamfani aka auna ta, kuma kejin ƙarfe a motar da ake shiga ba hular kwano shi ma haɗari ne ga kawunan yara. In yana son abin da gaske ya nemi wata mota daban ya haɗa ta a hankali.

Akwai saƙonni biyu kan hular kwano da tukunyar kashe gobara, lokaci ya ƙure mana, su za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da turo saƙo, a huta lafiya.