Daga Lima zuwa Tacna: titi tsakanin teku da hamada

Masu kallo, ku leƙa tagar dama: Tekun Fasifik ne iya ganin ido. Ku waiwaya hagu, rairayi ne da duwatsu, ko tsinken ciyawa babu. Haka titin Panamericana yake idan aka bar Lima, babban birnin Peru, aka nausa kudu zuwa Tacna da ke bakin iyakar Chile. Kusan kilomita 1,300 ne, wajen awa 20 a doguwar bas.

To, me ya kawo hamada bakin teku? Ruwan da ke bin wannan gaɓa daga kudu yake tahowa, mai sanyi ƙarara, ana kiransa igiyar Humboldt. Ruwan sanyi kuwa ba ya tada hadari, sai dai hazo. Ta gabas kuma tsaunukan Andes sun tare damshin dajin Amazon. Shi ya sa mutanen Lima, su wajen miliyan 10, kan shafe watanni sararin sama ya yi toka-toka kamar tsakiyar hunturu, ga ɗan yayyafin da suke kira garúa, amma ruwan sama na a zo a gani, sai a yi shekaru.

Saboda haka kusan duk garin da za ku tarar a hanyar nan, kogi ne ya zaunar da shi. Za a yi ta keta fako, kwatsam sai ga kwari kore shar inda ruwa ya gangaro daga Andes, a wuce shi a sake faɗawa rairayi.

A kwarin Chincha akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka aka sa su noma gandaye. Gangarsu akwatin katako ce, cajón, makaɗi ya zauna a kanta yana duka da tafin hannu. Gaba kaɗan sai Pisco, wadda girgizar ƙasa ta ragargaza a watan Agustan 2007. Ica kuma gonakin inabi ne a tsakiyar yashi, da ruwan rijiyoyin burtsatse, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasar sai ja da baya yake yi. Wannan noman dai da sake.

Kada barci ya ɗauke ku kafin Nazca. Shekaru kusan 2,000 da suka wuce, mutanen wurin suka riƙa kawar da jajayen tsakuwa don farar ƙasar da ke ƙasa ta fito, suka zana biri, da gizo-gizo, da tsuntsaye, wasu sun fi filin ƙwallo tsawo. Rashin ruwan sama ne ya adana su. Masu shimfiɗa titi ba su lura ba, suka bi ta kan zanen ƙadangare suka raba shi biyu. Daga hasumiyar ƙarfen da ke gefen titi za ku ga inda kwalta ta yanka shi.

Bayan Nazca hanya kan maƙale a jikin dutse, kwana kan kwana, teku na can ƙasa. Mai jiri ya nemi kujerar hagu.

Tacna ta zauna a hannun Chile daga 1880 har 1929. Daga tasharta ƙananan motocin haya ke ɗaukar fasinja zuwa Arica, birnin farko a ƙasar Chile. Amma duk 'ya'yan itacen da ke jakarku ku cinye kafin iyaka, domin jami'an Chile ba sa bari a shiga da su, wanda ya ɓoye kuma tara ce.