Darasin dare: sassauta jiki don barci ga masu wankin ƙoda

Assalamu alaikum masu saurare, mutanen Maradi har su Tibiri da Madarunfa, barkanmu da dare. Yau da masu wankin ƙoda nake, diyaliz ke nan, da masu jinyarsu. Na yi jinyar yayana, na ga yadda abin yake: awa 4 yana kwance jikin inji yana gyangyaɗi, dare ya yi ido ya bushe, ga ƙaiƙayi, ga ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya.

To, bismilla. An yi Isha, an ajiye waya. A kwanta rigingine... a'a, tsaya. In ruwa ya taru maka a jiki, kwanciya shimfiɗe na toshe numfashi, sai ka tada kai da matashi biyu, gobe kuma ka faɗa wa likitanka.

Numfashi tukuna. Ja ta hanci kana ƙirga 4, saki ta baki kana ƙirga 6. Ɗora hannu bisa ciki, ciki ne zai tashi, ba ƙirji ba. Nan na daɗe ina kuskure, ina ta cika ƙirji har jiri ya ɗebe ni. Fitar numfashin ita ce aikin, tsawaita ta kamar mai hura koko mai zafi. Ni nakan haɗa da tasbihi, kalma ɗaya duk fitar numfashi, hankali ya samu abin riƙewa.

Sai matsewa da saki, dabarar wani likitan Amurka, Edmund Jacobson. Dunƙule yatsun ƙafa, ƙirga 5, saki. Kada ka yi gaggawar wucewa, tsaya ka ƙirga 15 kana jin yadda wurin ya yi laushi. Sannan sha-raɓa, amma a hankali, Alhaji, a hankali, Hajiya, domin masu wanki jijiya na yawan ɗaure musu a nan. In ka ji za ta kama, bari. Cinya, ciki, kafaɗa, fuska, kun gane sauran.

Hannun da aka haɗa wa jijiya, wanda ake soka allurar wanki, wannan tsallake shi. Ba a matse shi cikin wannan darasi, ba a kwanciya a kansa. Na sake faɗa: ba a kwanciya a kansa.

Minti 10 zuwa 15 ya isa. Yayana sai da ya yi kusan sati biyu kafin ya ga canji, kuma sai da muka raba shi da shayin fada da goron yamma. Wannan fa an sha daga!

Ƙaiƙayi da motsin ƙafa kuwa, a kai wa likita maganarsu, sau da yawa sinadarin fosfor ne ya yi yawa cikin jini, ko kuma ƙarancin jini. Ƙwayar barci ta ƴan tebur, don Allah kada a kusance ta, ƙodar da za ta tace ta ba ta aiki.

To, mu yi tare sau ɗaya. Ja... 1, 2, 3, 4. Saki.