Jawabi ga 'Yan Uwa Kanawa Mazauna Turai: Mu Zama Masu Masauki

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan uwa, Allah Ya saka da alheri da wannan zama.

Maganata a kan yaranmu ce da suka gama digirin digirgir a Kano. Kun san a fannin kimiyya wannan digiri ba shi ne ƙarshe ba. Bayansa akwai aikin bincike na kwantiragi, shekara ɗaya zuwa uku, inda mutum zai zauna ƙarƙashin wani farfesa, ya samu albashi da ɗakin gwaji, ya buga takardun da za su tsayar da shi da ƙafarsa. Jami'o'in da da yawanmu ke aiki a cikinsu suna tallar irin waɗannan gurabe kusan kowane wata, daga kimiyyar sinadarai zuwa lissafi, noma da kwamfuta. Tallar takan rufe cikin 'yan makonni, yaron da ke Kabuga ko titin Gwarzo bai ma ji labarinta ba.

Kuma ba don ba su da abin nunawa ba ne. Jami'ar Bayero ta tsaya da kanta tun 1977. Cibiyarta ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa tana cikin waɗanda Bankin Duniya ya zaɓa a Afirka. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na nan, IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ita ma na da tasha a Kano inda ake aikin wake. Wanda ya shafe shekaru yana fama da wuta-wuta a gonar dawa, ko yana auna dattin masana'antun fata da ke kwarara kogin Challawa, ya san abin da Bature ba zai samu a ɗakin gwajinsa ba. Wasu ma sun yi aikin ne da janareto, suna fargabar kada firji ya mutu samfur ya lalace.

To ina matsalar? Mai masauki. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster don masana daga ƙasashe masu tasowa, amma sai wani malami a Jamus ya ce ya karɓe ka. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai ma haka yake, tare da jami'ar da za ta sauke ka ake cika takarda. Wasiƙar baƙo daga Najeriya sau da yawa ba a ko buɗe ta. Amma in abokin aiki ya leƙa ofis ya ce, "Ga wani yaro na san aikinsa," sai a saurara.

Saboda haka ga roƙona. Duk tallar da ta fito a sashenku, ku tura wa sakatare ranar da kuka gani, ba bayan mako biyu ba. Masu hali su ɗauki mutum ɗaya, su karanta masa takardar nemansa, su gyara ba sani ba sabo. Kada kuma a manta da 'yan matanmu, suna nan da yawa a fannin lafiya da ƙwayoyin halitta.

Sakatare zai zagayo da takarda yanzu, kowa ya rubuta jami'arsa da fanninsa. Na gode, wassalamu alaikum.