Me Ya Sa Tauraro Ba Ya Rufe Wasa a Gidajen Bodabil?

Wani guntun bidiyo da ya yi ta yawo, inda aka zuro sanda mai ƙugiya daga gefen labule aka fizge mawaƙi, ya sa mutane da yawa sun ɗauka haka ake hukunta duk ɗan wasan da bai burge ba a gidajen bodabil na Amurka, wato gidajen nishaɗi na da inda ake jera gajerun wasanni iri-iri a dandamali ɗaya. Ƙugiyar gaskiya ce, ana ma danganta farkonta da gidan wasan Miner da ke unguwar Bowery a New York a 1903. Amma ta daren 'yan koyo ce, daren da kowa ke iya hawa dandamali ya gwada sa'arsa. Ƙwararren da aka ɗauka da kwangila ba a jansa da sanda. Abin da ke hana shi barci shi ne lambar da aka ba shi a jerin wasannin ranar.

Bari mu yi sauri a kan asali. Daga shekarun 1880 zuwa farkon shekarun 1930, ka sayi tikiti ɗaya ka ga wasa takwas ko tara da babu abin da ya haɗa su: mawaƙa, 'yan rawa, 'yan barkwanci, masu dabo, masu alkafura, karnuka masu horo. Kowane wasa minti 10 zuwa 20. Tony Pastor ne ya tsabtace harkar a New York tun 1881 don mata da yara su iya shiga, sannan B. F. Keith da Edward Albee suka taso daga Boston suka mayar da ita babban kasuwanci mai gidaje a garuruwa da dama.

Yanzu a ce an miƙo mana takardar jerin wasa ta wancan zamani. Yawancinmu za mu kai ido can ƙasa mu ce ai na ƙarshe shi ne gwani. A'a. Ku hau layi ɗaya. Na kusa da ƙarshe, nan ne kujerar tauraro, kuma a kanta ake rigima.

Mu bi jerin daga sama. Wasan farko na marasa magana ne: masu alkafura, masu cafe ƙwallaye, ko dabbobi. Dalili, a wannan lokacin mutane na ta shigowa, ana neman kujera, ana tashi ana ba wani hanya. Ka sa ɗan barkwanci a nan, rabin zancensa ya ɓace cikin ƙarar takalma. Na biyu yawanci mawaƙa ne ko 'yan rawa su biyu, aikinsu su sa jama'a su natsu. 'Yan wasa ba sa son wannan gurbin, domin ɗakin bai gama ɗumi ba kuma kuɗinsa kaɗan ne. Na uku gajeren wasan kwaikwayo mai cikakkun kaya. Na huɗu da na biyar sai a ƙara wuta, a rufe kashin farko da babban suna, don mutane su fita hutu suna zancensa.

Na shida gurbi ne mai wuya. An dawo daga hutu, wasu ba su zauna ba, amma ba za a bari zafin ya sauka ba. Na bakwai babban wasa mai cika dandamali. Na takwas tauraro, sau da yawa ɗan barkwanci ko mawaƙiya ita kaɗai. Na tara kuma wasa ne na ido, mai ƙyalli da motsi, kamar masu lilo a sama ko dawaki, saboda jama'a sun fara ɗaukar huluna da riguna suna neman ƙofa don su samu abin hawa, kamar yadda ake ficewa daga filin ƙwallo kafin a hura tashi. 'Yan wasan ƙarshe kan ce ƙeyar mutane suke yi wa wasa.

Mu leƙa dandamalin ta gefe, domin a nan sirrin yake. Akwai labule na gaba. Tsakaninsa da fitilun bakin dandamali akwai ɗan fili, taku uku ko huɗu. Mawaƙi ko ɗan barkwanci a nan yake tsayawa, labule a rufe a bayansa. Yana cikin wasansa, ma'aikata na can baya suna kwashe kujerun wasan da ya wuce suna kafa igiyoyin mai zuwa. Yana gamawa, labule ya ɗaga, sabon wasa a shirye. Saboda haka mai tsara jeri dole ya riƙa musanyawa: na gaban labule, na cikakken dandamali, na gaban labule. Idan ya jera manyan wasanni biyu a jere, sai an dakata a sauya kaya, dandamali ya zauna fayau, makaɗa su yi ta cike gurbi, hankalin jama'a ya watse. Minti biyu na shiru sun isa su kashe wasan da ke biye, komai kyansa.

Shi ya sa tauraron da ke na takwas yake tsayawa a gaban labule: ana shirya wa na tara kayansa a baya. Kuma ya samu ɗaki a cike, kowa a zaune, an riga an yi dariya an saki jiki. A ganina, duk wanda zai auna tafin da aka yi wa ɗan wasa a wancan zamani ba tare da ya duba lambarsa ba, bai yi masa adalci ba. Barkwancin da ya tayar da ɗaki a na takwas, shi ɗin ne zai mutu murus a na biyu.

Su kansu 'yan kallo horar da su aka yi. A gidajen Keith ana raba 'yan katuna ana roƙon maza su daina buga ƙafa da sanduna a ƙasa, su yi tafi kawai. Masu kujerun can saman bene, inda tikiti ya fi araha, su ne masu ihu da fito. A gidaje da yawa can ake tura baƙar fata, kuma a manyan gidaje ba a cika sa wasan baƙar fata fiye da ɗaya a jeri ba, duk da cewa Bert Williams na cikin fitattun 'yan barkwancin zamanin. Jifa da kayan miya kuwa ya faru, 'yan'uwan nan mata da ake kira Cherry daga jihar Iowa sun sha shi, har a New York a 1896, amma sun yi suna ne saboda munin wasansu ya fita daban.

Hukuncin gaske ranar Litinin ake yankewa. Sabon jeri na farawa da wasan rana, manaja na tsaye a bayan ɗaki da agogo a hannu. Ana tashi, sai ya sauya lambobi: wanda ya tayar da ɗaki a matsa da shi gurbi mafi kyau, wanda ya ja lokaci a rage masa minti, wanda ya faɗi a mayar masa da hotunansa da aka manna a ƙofar shiga, ma'ana an sallame shi. Daga nan 'yan wasa suka samo gargaɗinsu cewa kada ka ba da wanki sai ka ga yadda wasan farko ya kaya. Wanda ya yi kalmar batsa kuma zai tarar da shuɗiyar ambulan a akwatin wasiƙunsa, da umarnin ya cire ta ko ya tattara kayansa.

Sannan manaja ya rubuta rahoto zuwa babban ofishin da ke raba wa 'yan wasa aiki: sunan wasa, minti nawa ya ɗauka, a gaban labule ne ko cikakken dandamali, da yadda jama'a suka karɓe shi. Wannan takardar ce ke yanke ko za a ba ka makonni masu yawa a manyan gidaje masu wasa biyu a rana, irin Palace da aka buɗe a New York a 1913, ko ka koma ƙananan gidaje inda ake hawa sau huɗu ko biyar. Kundayen waɗannan rahotanni na kamfanin Keith da Albee suna ajiye a Jami'ar Iowa.