Awa Biyu a Kan Titi: Abin Da Ke Jan Mutum Zuwa Garuruwan Kusa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Buɗe taswirar da ke cikin wayarka, ka sa yatsa a inda kake zaune, sannan ka zana da'ira mai nisan kilomita 100 ta kowace fuska. Wannan tafiyar awa biyu ce a mota, in an haɗa da lanƙwasar hanya da cunkoson fita gari. Faɗin wannan da'ira ya kai murabba'in kilomita dubu 31, wato ya ɗan zarce ƙasar Beljiyam gaba ɗayanta. To ƙirga garuruwan da suka faɗo ciki. Nawa ka taɓa shiga? Ban ce waɗanda ka ratsa kana leƙe ta taga ba. Ina nufin waɗanda ka tsaya, ka kashe mota, ka taka ƙasarsu da ƙafarka. Yawancinmu in aka yi mana wannan tambaya sai mu fara inda-inda.

Yau za mu duba dalilin da ya sa tafiya a mota take da wani daɗi nata na daban, da kuma dalilin da ya sa mafi yawan daɗin nan ba ya buƙatar nisa.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: me ya ajiye garuruwan nan a inda suke? Ƙafa ce ta ajiye su, ƙafar mutum da ta dabba. Kafin zuwan inji, ayari mai ɗauke da kaya ba ya wuce kilomita 30 zuwa 40 a yini, shi ya sa tsoffin masaukan fatake na ƙasar Farisa da Turkiyya suke jere da kusan wannan tazara. A Japan, tsohuwar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto, tana da zango 53 a tsawon kusan kilomita 500. Hanyar mahajjata daga Kufa zuwa Makka kuwa har yau sunan Zubaida, matar Haruna Rashid, take amsawa, saboda rijiyoyi da tafkuna da masaukai da ta sa aka gina a kanta. A Ingila ma, wani littafin shari'a na ƙarni na 13 da ake danganta wa Henry de Bracton ya ce bai kamata a kafa sabuwar kasuwa a ƙasa da mil shida da kashi biyu cikin uku daga tsohuwa ba. Lissafin shi ne mutum yana iya tafiyar mil 20 a yini, sai a raba yinin gida uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu.

Ka ga ke nan, tafiyar da kake yi a awa biyu kana sauraren rediyo, ta kwana uku ce a wajen mutanen da. Kuma duk inda suka yada zango dole a sami ruwa, da kasuwa, da wurin kwana, da masu sana'ar da za su gyara abin da ya lalace a hanya. Garuruwan da kwana uku ke tsakaninsu kowanne ya girma da halinsa: salon gini daban, sana'ar da aka san shi da ita daban, wani lokaci har karin harshe daban. Mota ta taƙaita lokacin, amma bambancin da ɗaruruwan shekaru suka gina yana nan bai gushe ba. Shi ne abin da kake zuwa gani.

Ita kanta tafiyar nesa ta farko da aka yi da mota a duniya, zuwa garin kusa aka yi ta. A watan Agustan 1888, Bertha Benz, matar Carl Benz, ta tashi da asuba a Mannheim ta ƙasar Jamus, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, Eugen da Richard, suka fita da motar da mijinta ya ƙera mai taya uku, ba tare da ya sani ba. Takarda kawai ta bar masa. Ina za ta? Pforzheim, wajen mahaifiyarta, nisan kusan kilomita 106. Babu gidan mai ko ɗaya a doron ƙasa a lokacin, don haka da mai ya ƙare sai ta tsaya a wani kantin magani a garin Wiesloch ta sayi sinadarin goge dattin tufafi ta zuba wa injin. Da bututun mai ya toshe, allurar hularta ta zura ta buɗe shi. Da birki ya cinye, mai gyaran takalma ta samu ya manna masa fata. In sun zo hawa, sai yaran su sauka su tura. Ba su isa ba sai bayan faɗuwar rana, sannan ta buga wa mijinta waya ta tangarahu cewa sun sauka lafiya. Abin da ta nuna wa duniya a ranar shi ne, da wannan abin hawa mutum yana iya tashi lokacin da ya ga dama, ya tsaya inda ya ga dama, babu jiran jadawalin jirgin ƙasa.

A nan daɗin yake. Jirgin sama yana ɗauke ka daga wani ɗaki mai sanyi ya sauke ka a wani ɗakin mai kama da shi, duk abin da ke tsakani bai shafe ka ba. A mota kuwa ƙasa tana sauyawa a kan idonka sannu-sannu. Launin turɓaya ya canza, itatuwa su ƙara kauri ko su sirance, rufin gidaje ya sauya fasali. In ka hango wani abu da ya ja hankalinka, sitiyari yana hannunka. Sannan akwai hira. Mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna kallon gaba, ba wanda ya tsare wani da ido, ba kuma inda za a tashi a tafi, sukan faɗi maganar da ba za su iya faɗa a falo ba. Iyaye da yawa a mota suke jin abin da ke cikin 'ya'yansu.

'Yan kasuwa sun gano wannan sirri tun da wuri. A 1900, lokacin da motocin Faransa duka ba su kai dubu 3 ba, 'yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, suka buga wani ɗan littafi suna raba wa direbobi kyauta. A ciki akwai taswira, da wuraren samun mai, da makanikai, da masauki. Ba don Allah suka yi ba, so suke a yi ta yawo taya ta cinye a sayi wata. Daga 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro, daga baya taurarin suka zama hawa uku. Dubi ma'anar da suka ba su: tauraro biyu na nufin wurin ya isa ka ratse daga hanyarka dominsa, uku kuma ya isa ka yi tafiya ta musamman. Masu sayar da taya sun fahimci cewa abin da ke fitar da mutum daga gida shi ne a ba shi dalilin ratsewa.

To me ya sa yanzu muke wuce garuruwan nan kamar babu su? Babbar hanya ce ta ɓoye su. Labarin Amurka ya isa misali. A 1919 wani matashin hafsan soja, Dwight Eisenhower, ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, suka yi kwana 62 suna fama da laka da karyayyun gadoji. Da ya zama shugaban ƙasa, a 1956 ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen tituna da ke kewaye garuruwa. Kafin nan, hanya mai lamba 66, da aka buɗe a 1926 daga Chicago zuwa Los Angeles, tana bi ta tsakiyar kowane ƙaramin gari a tsawon kusan kilomita 3,900, tana ciyar da masu gidajen mai da masu masauki. A 1978 sabon titi ya kewaye garin Seligman na jihar Arizona, motoci suka ɗauke a rana ɗaya, shaguna suka shiga rufewa. A 1985 aka soke lambar hanyar baki ɗaya. Wani mai aski na garin, Angel Delgadillo, shi ya tara jama'a a 1987 suka kafa ƙungiya, suka matsa har hukuma ta ayyana wannan yanki a matsayin hanyar tarihi. Yau mutane daga ƙasashe masu nisa ke zuwa don su bi hanyar da aka yi watsi da ita saboda rashin sauri. Irin wannan yana faruwa a ko'ina aka gina titin kewaye: garin yana nan daram, kilomita uku ko biyar daga inda kake sheƙa gudu, allon ratse kawai ya raba ku. Taswirar waya ma ba ta taimaka ba, don ita hanya mafi sauri take zaɓar maka sai in ka hana ta.

Akwai kuma abin da masu bincike suka gano game da hutu. A 2010, Jeroen Nawijn da abokan aikinsa a ƙasar Holan sun bibiyi mutum 1,530, suka tarar waɗanda ke shirin tafiya sun fi waɗanda ba sa shiri farin ciki, amma bayan an dawo, galibi babu wani bambanci tsakaninsu. Wani binciken da Jessica de Bloom ta jagoranta ya nuna cewa ko dogon hutu ne, amfaninsa yana dusashewa cikin makon farko na komawa aiki. Wato kaso mai tsoka na daɗin tafiya yana cikin ɗokinta ne. In haka ne, wanda ya tara kuɗin shekara ya yi babbar tafiya ɗaya, ɗoki ɗaya ya samu. Wanda ke fita garin kusa duk bayan 'yan makonni, kullum yana da abin da yake jira. Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake ban hana kowa babbar tafiyarsa ba.

Kada a ce na yi ta yabo babu suka. Ba kowane gari ne ke da abin kallo ba. Za ka je wani wuri ka zagaye shi cikin minti ashirin ka rasa abin yi. Mai yana cin kuɗi, mota tana tsufa, ranar hutu kuma kowa kan titi yake. Sannan mutanen garin da ka je ba kayan kallo ba ne, gidansu ne. Ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, ka kuma tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa abin da ya fi komai ƙayatarwa a gari ba ya kan intanet, yana bakin wani dattijo da ke zaune a inuwa.

Batun da ya fi wannan nauyi shi ne rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a kowace shekara. Mu yi lissafi kaɗan. Tafiyar kilomita 100 a gudun kilomita 100 a awa, awa ɗaya ce. In ka taka zuwa 120, minti 50 ce. Minti 10 kacal ka tsira da shi, amma nisan da birki ke buƙata kafin motar ta tsaya ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari, domin ƙaruwarsa ta fi ƙaruwar gudun. Sauri ya haifi nawa ke nan. A gudun 100, mota tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka gyangyaɗin daƙiƙa uku tafiyar sama da mita 80 ce babu direba. Bincike a Ostareliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa kan raunana kamar na wanda barasar jininsa ta kai matakin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Ƙa'idar hanya ta Birtaniya tana ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu ta tuƙi. Ka lura garin kusa yana cikin wannan awa biyun, za ka isa kafin gajiya ta kama ka, ka kuma dawo da sauran rana. Kafin ka tashi dai ka duba iskar tayoyi har da safaya, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da birki, kowa kuma ya ɗaura bel, har na kujerar baya.

Saura abu ɗaya da duk mai tafiya ya sani amma bai san dalilinsa ba: komawa gida kullum ta fi zuwa sauri. A 2011 Niels van de Ven da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan masu tafiya a bas da masu keke, suka tarar mutane suna jin dawowa ta fi gajarta da kusan kashi 17 zuwa 22 cikin ɗari, alhali lokacin ɗaya ne. Da farko za ka ce ai don an riga an san hanya ne. Sai dai waɗanda aka dawo da su ta wata hanyar daban mai tsawo iri ɗaya, su ma haka suka ji. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, a wajen zuwa mutum yakan raina nisan, sai tafiyar ta yi masa tsawo fiye da zatonsa. A wajen dawowa kuma ya riga ya shirya wa doguwar tafiya, sai ya ga har an iso. Tunda haka ne, babu abin da za ka rasa in ka dawo ta wata hanyar: gajartar tana nan, ga kuma wasu garuruwan biyu ko uku da ba ka bi ta cikinsu da safe ba.