Hoto ya ce jijiya ta yage, kafaɗa ta ce lafiya lau

Wannan laccar wani likitan ƙashi ne ya yi ta nan Tahoua, na ɗauka da waya na kwafo muku yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Kowa ya ɗora hannu bisa kafaɗarshi tukuna. To nan ƙarƙashin naman da kuka taɓa akwai jijiyoyi huɗu da suka lulluɓe kan ƙashin hannu kamar hula, shi ya sa da Faransanci muke ce musu kwaf, su ke riƙe ƙashin cikin gurbinshi in za ka ɗaga hannu ko ka juya shi. Ta saman ita ta fi yagewa, musamman ga mai daka, mai jan guga, da masu dakon buhun albasa can wajen Galmi.

Abin da ke damuna shi ne takarda. Wata Hajiya ta zo mini satin da ya wuce, ɗanta ya kai ta har Yamai an yi mata IRM, wato hoton na'ura mai nuna nama da jijiya na cikin jiki, an kashe kuɗi masu yawa, ta shigo tana hawaye takardar na ƙunshe cikin ɗankwali, wai likita jijiyata ta tsinke sai aiki. Na ce Hajiya ɗaga hannu in gani, ta ɗaga har sama, na ce ɗaura ɗankwali, ta ɗaura, na danna hannun ta ture ni da ƙarfinta. Ciwon da ya kai ta ma daga wuya yake saukowa har yatsu. Yagewar gaskiya ce, tana nan cikin hoto, amma ba ita ke hana ta barci ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A Amurka a 1995 an sa mutanen da kafaɗarsu ba ta ciwo ko kaɗan cikin IRM, waɗanda suka haura shekara 60 kashi 54 cikin 100 an tarar da yagewa. A wani ƙauye na Japan an bi mutane da eko, irin hoton da ake yi wa mai ciki, wajen mutum 1 cikin 5 na da ita, kuma kusan 2 cikin 3 na masu yagewar ba su jin komi. Sannan a 2014 aka duba majinyata 393 a Amurka, aka ga girman yagewa bai tafiya tare da zafin ciwo, wani ƙaramar huda ce yana kwana zaune, wani ta yage sosai yana noma abinshi. Furfura ce ta ciki, shekaru ke kawo ta.

Hoton radiyo kuwa ƙashi kawai yake nunawa, kar a ce muku radiyo ta fito lafiya don haka ba ku da komi. Eko na ganin jijiya in mai yin ta ya ƙware.

Ni abin da nike tambaya kafin in kalli kowane hoto: yaushe ya fara, faɗuwa kika yi ko a hankali ya zo, kina iya kwanciya bisa gefen, hannun ciwo ne ya hana shi tashi ko ƙarfi ne babu. In a hankali ya zo, sai mu fara da motsa jiki wurin kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran gaɓoɓi, wata 3, wani bincike ya nuna kusan 3 cikin 4 ba su kai ga aiki ba har shekara 2. Amma saurayi ko magidanci da ya faɗo daga kabu-kabu ko aka kada shi a kokowa, washegari hannu ya ƙi tashi sam, wannan don Allah kar ku tsaya wurin maɗori wata da watanni, jijiyar na ja da baya naman ya koma kitse, ɗinkin ya gagara.

Wani dattijo ya tambaya, to mai yagewar da ba ta ciwo fa, ya manta da ita?

A'a Baba, kar ka manta. An bi irinsu, kusan rabi ciwon ya taso musu cikin shekara 3, kuma sau da yawa lokacin yagewar ta ƙaru ne. Ran da ka ji ciwon dare ya fara, ko buta ta yi maka nauyi wajen alwala, ka dawo mu sake dubawa. Kuma ka bar sayen diklofenak wurin masu tebur kana sha kullum, yana cin ciki da ƙoda, in kana da ciwon suga ma ka faɗa mini tun farko don shi ma yana sandarar da kafaɗa.